Yadda Ake Ɗaukar Hoton Manoma da Masu Sana'ar Hannu a Sakkwato, Daga Sallama Zuwa Ajiya

Duba hotunan sana'a da ake sakawa a Facebook da WhatsApp daga Sakkwato, za ka tarar kusan duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Manomi ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar gona, ya ɗaga albasa biyu yana kallon waya. Mai kilishi ya riƙe falle ɗaya yana murmushin dole. Baduku ya jera jakunkuna a gabansa ya harɗe hannu. Ba laifi ba ne, sai dai babu aiki a ciki. Wanda zai buɗe hotunan nan bayan shekara 30 ba zai gane yadda ake kora ruwa daga fangali zuwa fangali ba, ko yadda nama ke shiga labu, wato kwaɓin kayan yajin da ake tsoma kilishi a ciki, ko irin zaman da maƙeri ke yi a gaban wuta.

Hoton adana tarihi shi ne wanda aka ɗauka aiki na tafiya, ba a tsayar da kowa ba, ba a shirya komai ba, sannan aka haɗa shi da bayanin da baƙo zai karanta ya fahimta. Wayar da ke aljihunka ta isa ka fara. Abin da ya fi kyamara wuyar samu shi ne sanin aikin da kake ɗauka, domin wanda bai san abin da zai biyo baya ba kullum a makare yake danna maɓalli.

Mataki na farko: ɗauki abu ɗaya

Kada ka ce za ka ɗauki sana'o'in Sakkwato gaba ɗaya, za ka ƙare da tarin hotuna marasa kai bare gindi. Zaɓi abu guda ka bi shi daga farko har ƙarshe. Albasa, tun daga dashe a fadamar Kwalkwalawa har ta hau tirela a Ramin Kura. Fatar jan akuya, daga hannun mahauci zuwa majema, zuwa rumfar dukawa a Shiyar Madunka. Lauje guda ɗaya, tun yana guntun ƙarfen mota a Maƙera Assada har ya shiga hannun mai yankan shinkafa. Tafarnuwar Wurno. Ƙuli-ƙulin gida ɗaya.

Sannan ka duba kalanda, don aikin ba zai jira ka ba. Albasar rani ana dasa ta ne wajen Nuwamba da Disamba, a cire ta tsakanin Fabrairu da Afrilu. Girbin gero yana zuwa ƙarshen damina. Kilishi ya fi son rani, lokacin da rana ke busar da nama cikin sauri. Daddawa kuwa kwanaki take ɗauka, tsakanin dafa kalwa, surfe, wanki, sake dafawa, rufewa ta ruɓa, da shanya. Wanda ya zo rana ɗaya kashi ɗaya kawai zai gani.

Mataki na biyu: je ka zauna, waya na aljihu

Zuwan farko ba na hoto ba ne. Ka je da biro da littafi, ka roƙi mai sana'a ya ba ka labarin aikin bi da bi, ka rubuta yadda ya faɗa, da kalmomin da ya yi amfani da su.

Ɗauki jima misali. Majemi zai gaya maka ana fara jiƙa fata, a sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a ɗora ta a kan itace a kankare da kartaji. Daga nan ta shiga ruwan kashin tantabara ko na kaji don ta yi laushi, a wanke, sannan ta kwana cikin ruwan bagaruwa da aka daka, wanda shi ne ke mayar da ita jemammiya. Sai shafa mai, sai shanya, sai rini, inda karan dafi ke ba da jan nan da aka san fatar Sakkwato da shi. Yanzu kana da jerin matakai a hannu, kuma kowane mataki hoto ne. Ka kuma san wanda ke ɗaukar kwanaki da wanda ke wucewa cikin minti biyu. Kankarar gashi za ka iya ɗauka a natse, don ana daɗewa ana yi. Lokacin da aka fara goga rini a kan fata, ja ya fara cin fari, wannan ba ya dawowa. Dole kana tsaye a wurin da ya dace tun kafin a tsoma hannu.

Tambayoyi uku suna buɗe baki fiye da sauran: wa ya koya maka, wane mataki ne ya fi wuya, me ya canza daga zamanin mahaifinka zuwa yau. Amsar ta uku ita ce ke nuna maka abin da ya kusa ɓacewa. Manomin fadama zai ce da jigo ake ban ruwa a da, yanzu inji ne da tiyo. Idan akwai mai jigo ɗaya da ya rage a yankin, shi za ka nema tun kafin shi ma ya sayi inji.

Mataki na uku: ta ƙofa ake shiga

A ƙauye, fara da mai unguwa ko hakimi. Idan aikin mai tsawo ne, har gaban uban ƙasa. A cikin sana'a kuwa akwai shugabanni, irin su sarkin noma, sarkin maƙera da sarkin fawa, kuma idan ɗayansu ya haɗa ka da yaro ya ce a kai ka, rabin wahalarka ta ƙare. Amma izinin shugaba ba ya maye gurbin izinin wanda za ka ɗauka. Kowa da bakinsa.

Bayan "Sannu da aiki, Baba" da tambayar gajiya da iyali, tambayar da za ta biyo baya sananniya ce: "Mi za ka yi da hoton ga?" Wani kuma zai ƙara da, "Ko gwamnati ta turo ka?" Amsa ta gaskiya kawai ke aiki a nan. Faɗi inda hoton zai je: Facebook ne, jarida ce, aikin makaranta ne, ko wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinka. Ka kuma faɗa ƙarara cewa ba rajistar tallafi kake yi ba, babu taki ko bashi da zai biyo baya. Mutane da yawa suna yarda a ɗauke su ne don suna zaton sunansu zai shiga wani jeri, kuma barin su cikin wannan zato yaudara ce ko da bakinka bai furta ƙarya ba.

Takardar sa hannu da Turanci ba ta da amfani ga dattijon da ajami yake karantawa. Kunna rikodar waya, ka yi bayani da Hausa, shi kuma ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda, da abin da bai yarda da shi ba. Wani zai ce a ɗauki hannunsa ban da fuska. Wani zai ce a ɗauka amma kada a ambaci sunansa. Wani zai ƙi gaba ɗaya saboda fahimtarsa ta addini, kuma wannan ba wurin muhawara ba ne, ka yi godiya ka matsa gaba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗauki abin da za a iya gane mutum da shi a matsayin bayanin kansa, kuma fuska na ciki, saboda haka wannan rikodi kariya ce gare ka kai ma. Yara sai da izinin iyaye. Almajiran da suka taru suna kallonka ba kayan ƙawata hoto ba ne.

Batun kuɗi. Ra'ayina, kada ka biya mutum don ya tsaya maka, domin daga ranar da ka fara, wasan kwaikwayo za a riƙa yi maka. Sayi kayansa a farashinsa ba tare da dogon ciniki ba. Kai goro. Idan ka tsayar da shi daga aiki na awa guda yana yi maka bayani, ka biya wannan lokacin, haƙƙinsa ne. Idan kuma wani kamfani zai yi talla da hoton, wannan magana ce daban, sai an koma an zauna an yi sabuwar yarjejeniya da kuɗinta.

Kayan aiki, da zafi da ƙura

Waya mai megafiksel 12 tana ba da hoton da za a wanke a girman takardar A4 ya fito tas. Kafin ka fita, kashe duk abin da ke gyara fuska ko ƙara mata haske, kunna layukan da ke raba fuskar waya gida tara, ka goge idon kyamara da tsumma mai laushi. Yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon yatsa ne kawai. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, yana fashewa. Yi amfani da 1x ko 2x da ke rubuce a fuskar kyamarar, sauran kuma ka taka da ƙafa. Mai babbar kyamara, lens mai tsawon 35mm ko 50mm ya ishe shi duk wannan aiki.

Zafin Maris zuwa Mayu a nan yana haura digiri 40, alhali kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Shi ya sa waya ke dusashe haske ko ta rufe kyamara ana tsakiyar aiki. Cire mata riga, ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka da ɗauka, kada ka yi caji tana aiki a rana. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Kada ka canza lens a fili, kuma hura ƙurar tukuna kafin ka goge, in ba haka ba kai da kanka za ka karce gilashin. Fawa-banki, ruwan sha da malafa su ma kayan hoto ne.

A fadama

Haske mai kyau yana nan daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma daga bayan la'asar zuwa faɗuwarta. An yi sa'a, lokutan nan ne manoma suka fi ban ruwa. A tsakiyar hunturu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, don haka bayan asuba kana da lokacin isa gona. Ranar da hazo ya sauka, hasken yana yin laushi har za ka iya aiki da hantsi, amma sama takan yi fari fat. Rage ta a hoton, ka cika shi da ƙasa da ganye da mutum.

Fara da hoto mai faɗi wanda ke nuna inda ake: gulbin Rima a baya, layin fangali, inji a bakin ruwa, raƙumi ko jaki ɗaure a gefe. Hau tudu ko amalanke idan akwai. Daga nan ka sauko ka matso. Tsuguna har gwiwa ta taɓa ƙasa, domin aikin noma a ƙasa yake, kuma wanda ya ɗauka a tsaye ƙeyar manomi da malafarsa kawai zai samu.

Ga abin da za ka jira. Ruwa ya taho ta magudana, manomi yana tsaye babu takalmi, wando naɗe zuwa gwiwa, fartanya a hannu. Fangalin farko ya cika. Sai ya sari laka daga bakin na biyu, ya juya ya toshe na farko da ita, duk cikin motsi ɗaya, ruwan ya karkata ya bazu tsakanin ganyen albasa. Motsin nan daƙiƙa biyu ne ko uku, amma zai maimaita shi har ƙarshen layi. Kalli uku na farko ba tare da ka ɗauka ba. A na huɗu ka riga shi zuwa fangalin gaba, ka tsuguna ta inda rana za ta kasance bayan ruwan ko a gefensa, ka jira shi ya iso. Haske ta baya shi ke sa ruwa ya yi ƙyalli, kuma haka yake ga ƙaiƙayi a lokacin shiƙa da ƙurar sussuka. Mai kyamara ya sa gudun shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/1000 na daƙiƙa idan yana son ɗigon ruwa ya tsaya cak, faɗin buɗewar idon lens kuma f/8.

Matsalar da kowa ke haɗuwa da ita: baƙar fuska, farar riga, rana mai ƙarfi. Waya takan bi rigar ta bar fuskar cikin duhu. Danna yatsa a kan fuskar ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan. Gara rigar ta ɗan ƙone da a rasa ido. Idan malafa ta jefa inuwa, jira ya ɗago kai. Kada ka ce ya cire ta, da ita yake aiki.

Bi inda mai gona ke takawa. Ƙafa ɗaya a cikin sabon dashe ta isa ta ɓata duk gaisuwar da ka yi.

Kada ka tsaya a kore kawai. Ranar cira, ɗauki tsibin albasa, masu yanke lawashi, matan da ke tattara ganyen da za a daka a shanya ya zama gabu, da rudu inda ake jibge ta ana jiran farashi ya tashi. Ɗauki wadda ta ruɓe a rudun ita ma, don asarar ajiya rabin labarin albasa ce. Sannan ka bi buhu zuwa kasuwa, ka ɗauki dillali, masu ɗinke bakin buhu da masu lodi.

A rumfa mai duhu

Maƙera da rumfar dukawa akasin gona ne. Haske kaɗan ne, kuma ta ƙofa ɗaya yake shigowa. Kashe filasha. Tana kashe jan wuta, ta baje fuska, ta kuma firgita mai riƙe da ƙarfe mai zafi. Tambayi inda za ka zauna, sannan ka zaɓi wurin da ƙofa za ta kasance a gefenka, hasken ya bugi mutum ta kunci ɗaya. Idan ka fuskanci ƙofar, baƙar inuwa kawai za ka samu, wadda takan yi kyau sau ɗaya amma ba ta nuna aiki.

Ƙira tana da kiɗa, kuma kunne ne zai gaya maka lokacin ɗauka. Yaro na buga zuga-zugi, gawayi ya yi ja, maƙeri ya sa awartaki ya zaro ƙarfe ya ɗora a kan uwar maƙera. Daƙiƙun farko ne ƙarfen ke haske sosai, kuma dukan farko da na biyu su ne ke watsa tartsatsi. Bayan haka sai ya dusashe. Saboda haka saita komai tun ƙarfen yana cikin wuta: kulle saitin a kan uwar maƙera, rage haske kaɗan don jan ya fito, ka riƙe maɓalli ya ɗauki hotuna a jere da zarar masaba ta tashi. Gudun 1/500 yana tsayar da masaba a sama, amma sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200, hoton ya ɗan yi yashi-yashi, wanda ba komai ba ne. Gudun 1/30 kuwa yana mayar da tartsatsi zare-zare. A nan sai ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka riƙe numfashi. Wayoyin Android da yawa suna da waɗannan saituna a sashen Pro. Ja baya kaɗan, tartsatsi na barin tabo a gilashi.

Wurin baduku babu gaggawa, amma akwai ƙananan abubuwa: bakin basilla na huda fata, zaren fata tsakanin haƙora, tsohon kanta a babban yatsa, tim-tim da aka ɗinka a juye kafin a birkito shi. Zanen da aka buga a jikin fata ba ya fitowa sai haske ya zo masa ta gefe, don haka ka jira lokacin da ya karkata ta wajen ƙofa. Jan fata yana ruɗa waya, takan mayar da shi ruwan lemo. Dabara mai sauƙi ita ce ka ajiye farar takarda kusa da fatar a hoto ɗaya, daga baya ka daidaita launi da ita, ka yi wa sauran irin gyaran.

Kafin ka tashi, roƙi a jera maka kayan aiki a kan tabarma ka ɗauka daga sama. Wannan ne hoto ɗaya da aka yarda a shirya, muddin ka rubuta cewa jerawa aka yi.

Wurin masu abinci

Kilishi aikin yini ne, wani lokaci har ya kwana. Da safe ana yanyana tsoka da wuƙa har ta zama falle mai faɗi, a shimfiɗa a kan gadon kara ta sha rana. Idan mai yanka ya ɗaga falle don ya duba kaurinsa, rana takan ratsa ta cikinsa ya yi ja, kuma wannan shi ne hoton da za ka tsuguna ka jira. Sai haɗa labu, wanda ake yi da tunkuza, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri. Sai tsomawa, sake shanya, sannan gashi a kan wuta da yamma. Wanda ya zo da la'asar gashi kawai zai samu, ya koma yana zaton ya ɗauki kilishi.

Sai maganar ƙuda, wadda kowane mai ɗaukar abinci zai ci karo da ita. Kada ka goge su da manhaja, ƙarya ce. Kada kuma ka bi su da kyamara kana neman hoton da zai tayar da hankali, domin hoto ɗaya a intanet yana iya kashe wa mutum kasuwar da ya gada. Ɗauki wurin yadda ido ke ganinsa. Idan ana rufe nama da raga ko ana kora, wannan ma aiki ne, ya shiga. In kuwa binciken tsafta kake yi, ka faɗa tun a ƙofa, kada ka shiga da sunan raya al'ada.

Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, fura da hoce yawanci a cikin gida ake yin su, bayan zaure, inda namiji baƙo ba ya shiga. Wannan fili na mata ne, kuma ke mai waya da ke karanta wannan, kina da damar da maza ba su da ita. Nemi izinin matar da kanta, da na maigida. Da yawa za su ce, "Ɗiyata, ɗauki aikin, bar fuskata." Hakan bai rage komai ba. Hannu biyu na murza tunkuza a kwano, an ɗan zuba ruwan zafi, mai ya fara tsattsafowa yana taruwa a gefe, wannan ya ishi hoto. Haka taɓarya a sama lokacin kirɓin fura, ko yatsu na mulmula ƙuli-ƙuli a bakin kasko. Ki duba bayan hoton kafin ki danna: shanyar tufafi, ƙofar ɗaki a buɗe, wata da ta fito babu mayafi. Idan kin gama, ki nuna musu duk abin da kika ɗauka, wanda suka ce a goge ki goge a gabansu.

Rubuta tun kana wurin

Fatar jan akuyar ƙasar nan ta daɗe tana ƙetare Sahara a ayarin fatake zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa sayar da ita da sunan Maroko. Aikin ya isa, sunan masu shi bai isa ba. Hoton da ba shi da bayani haka yake ƙarewa: bayan an tura shi sau biyar, wani zai rubuta Kano a ƙarƙashinsa, wani ya ce Agadas.

Kowane hoto yana buƙatar amsar wane ne, in ya yarda a faɗa, me yake yi, a ina, yaushe. "Manomi a gona" ba bayani ba ne. Rubuta irin wannan: "Ana buɗe wa fangalin albasa ruwa da fartanya, mako uku bayan dashe, fadamar Kwalkwalawa, Disamba 2024." Sunan kayan aiki ka rubuta shi yadda mai shi ya kira shi, ko da ya saɓa da na Kano. Farashi ma ka rubuta da kwanan wata, na buhu, na litar fetur ɗin inji, na fata ɗaya. Nan da shekara 10 wannan layin zai fi hoton kansa jan hankalin mai bincike.

Zaɓe da gyara

Ka dawo da hoto 300, mutane 10 ko 12 za su gani. Bar su su kwana, sannan ka zaɓa. Jera su yadda aikin ya tafi: wuri, mutum, matakai, hannu, kayan aiki, abin da aka gama, mai saye. Idan hotuna biyu magana ɗaya suke yi, ɗaya ya fita, ko da ka sha wuya kafin ka same shi.

Manhajojin gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom na waya sun isa gyara. Abin da aka yarda da shi shi ne daidaita haske, daidaita launi ya koma yadda ido ya gani, miƙe hoton da ya karkace, da yanke gefe. Cire abu ko ƙara abu haramun ne a wannan fanni, ko da leda ce a ƙasa ko tambarin ƙungiyar ƙwallo a rigar maƙeri. Rigar nan ita ce shaidar zamaninsa. Sababbin wayoyi suna da maɓallin share abu da taɓawa ɗaya, ka yi kamar ba ka gan shi ba. Kada ka cika launi har albasa ta koma kamar ta roba, kada ka wanke hazon hunturu gaba ɗaya, kada kuma ka mayar da hoto baƙi da fari don kawai talauci ya fito.

Abin da ba a sakawa

Kowa ya san halin rashin tsaro da gabashin jihar ke ciki, wajen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, da kuma sassan Tangaza da Gudu. Kafin ka kama hanya, tambayi mutanen wurin a ranar, ba labarin makon jiya ba, ka kuma dawo da rana. Kada ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi na wanda aka ɗauka ne. Hoton rumbuna cike, garken shanu, ko manomi na ƙirga kuɗin albasa, haɗe da sunansa da na ƙauyensu, sanarwa ce ga wanda ba ka so ya gani. A irin waɗannan wurare ambaci ƙaramar hukuma kawai, ka bar sunan ƙauye a littafinka. Kashe saitin da ke liƙa wa hoto taswirar inda aka ɗauke shi, domin fayil ɗin da aka tura kai tsaye yana tafiya da wannan bayani a cikinsa. Kada kuma ka saka hoto kana wurin, bari sai ka koma gida.

Ajiya, da mayar wa mai shi

Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, memori na lalacewa. Ajiye kowane aiki a wuri uku: waya ko kwamfuta, filas ko hard disk na daban, da intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta. Sa wa folda suna da kwanan wata da batu da wuri, ka jefa rikodin izini da hoton shafin littafinka a ciki. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, saboda haka idan za ka aika wa edita ko mai wanki, tura shi ta wurin da ake tura takardu.

Wanke biyar ko shida a girman 5x7 ka kai wa mai sana'a da hannunka. Ba shi kuma wasu a waya, masu nuna kayansa da kyau, ya yi tallarsa da su. Sau da yawa a wannan komawar ce ake cewa, "Gobe muna rini, in kana so ka zo da wuri."

Idan aikin ya taru ya yi kauri, kai kwafi da bayanansa Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ko ka tuntuɓi masu nazarin tarihi da na Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai kuma Wikimedia Commons, inda Wikipedia ta Hausa ke ɗaukar hotunanta, da gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014 da batun abinci. Sai dai ka san sharaɗin wurin kafin ka ɗora. Lasisinsu yana ba kowa a duniya damar amfani da hoton, har a harkar kasuwanci, muddin ya ambaci sunanka, kuma ba a janye shi bayan an bayar. Abin da ka saka a shafinka na Facebook kana iya cirewa ranar da mai fuskar ya ce a cire. Na Commons ya fita hannunka. Don haka duk hoton da fuska ta fito a ciki, koma wurin mai ita ka yi masa wannan bayani dalla-dalla, ka sake ɗaukar muryarsa. In bai gamsu ba, ɗora na hannu da na kayan aiki kawai.